Ranar da Muka Tsige Mangwaron Hukuma

Ni dai tsoron tsani nake ji. Shi ya sa da reshen mangwaron ƙofar gidanmu ya kwanto kan rufin ɗakin Inna, mahaifiyata, ban ɗauki adda ba. Hula na ɗauka, na tafi ofishin kula da itatuwan gari. A gida na ce ni mutum ne mai bin doka.

Reshen ba na wasa ba ne. Iska na kaɗawa sai ya goga kwano kamar ana jan gadon ƙarfe. Ga damina ta ƙarato, Inna kuwa ta ce ba inda za ta.

"Mahaifinka ya gina mini ɗakin nan. Bishiyar ta matsa."

A ofis na tarar da jami'i yana fifita shayi.

"Bishiyar a cikin katanga take ko a waje?"

"A waje, ranka ya daɗe."

"To ta hukuma ce. Ka taɓa ta, ka taɓa hukuma."

"Sai ku zo ku taɓa abarku."

"Mu ba ma sare mai rai. Matacciya kawai."

"Da me ake gane ta mutu?"

"Mai dubawa zai zo. In ya ga ganye, tana da rai. In bai gani ba, sai addu'a."

Da na kai wa matata labari, ko ɗagowa ba ta yi daga guga ba. Ta ce, "To a tsige ganyen mana." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Washegari ƙaninta direba da tela maƙwabcinmu suka haye sama. Ni aka ba ni riƙon tsani, aikin da mutane ke rainawa don ba su san sirrinsa ba.

"Yaya, tsanin ne ke rawa ko kai?" in ji direba.

"Tsige abin da ya kai ka."

Inna ta sa aka fito mata da kujera tana ba da umarni da sanda. "Kai tela, ga wani can ya ɓuya a bayan kunnenka!" Masu wucewa suka yi cirko-cirko. Wani ya tambaya lafiya, tela ya ce aski muke mata. Ganyen muka ɗura a buhuna muka jibge a ɗakina, don matata ta ce kada a bar shaida a ƙasa. Har mako ya zagayo ina warin ɗanyen ganye, awakin unguwa suna bina masallaci.

Mai dubawa ya zo. Ya zagaya bishiyar, ya ɗaga kai, sannan ya cire hularsa.

"Allah ya ba ku haƙuri. Ta daɗe tana jinya?"

"Farat ɗaya ne," in ji matata, har da sunkuyar da kai.

Sai a lokacin na lura mun manta da 'ya'yan. Ga su nan reto-reto a tsiraran rassa, kore shar. Mutumin ya bi idona da kallo, ya miƙa hannu ya tsinki ɗaya, ya sa a aljihu.

"Ganye doka ta ce, Malam."

Na koma ofis da fara'ata. Jami'in shayi ya taya ni murna, ya ce amma tunda ta mutu ta tashi daga bishiya, ta zama shara, sai in je sashen tsabta. Sashen tsabta suka ce su abin da ke ƙasa suke kwashewa, ba sa hawa sama neman aiki. In ana so a kayar da ita, sai ofishin gine-gine ya tabbatar ba za ta faɗa wa ginin kowa ba.

Mutumin gine-gine ya zo da taswira da igiyar awo. Bai ko kalli sama ba. Ya auna daga titi zuwa bishiya, daga bishiya zuwa bango, ya sake aunawa, ni ina riƙe masa bakin igiya don in nuna haɗin kai.

"Malam, bishiyar nan ba ta shiga gidan kowa ba. Ɗakin ne ya fito ya same ta. Filin titi ne nan."

Inna ta leƙo ta taga. "Ka gaya masa mahaifinka ne ya gina."

"Na gaya masa, Inna."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya jiƙansa."

Kafin ruwan farko aka rushe ɗakin. Yanzu Inna tana ɗakina, ni a falo nake kwana.