Dabbobi Goma Sha Ɗaya a Jikin Tarcisio

Laifin da za a hukunta a labarin nan daɗin baki ne, irin na mutumin da ke yi wa kowa rantsuwa ɗaya yana zaton ba za su taɓa haɗa baki ba. Mai laifin kuwa Tarcisio Bellavigna ne, ɗan ƙwallo mai tsaron baya, wanda abokan wasa suka laƙaba wa suna Akwati, don kullum kayansa a ɗaure suke.

Shekara goma sha bakwai yana ƙwallo, ƙungiya goma sha ɗaya. Bai taɓa leƙa babban rukuni ba. Yau an ba da shi aro, gobe an sallame shi, jibi an sayi wani an ɗora shi a kai gyara. Wannan ba abin kunya ba ne, neman abinci ne. Abin kunyar, duk garin da ya sauka sai ya sumbaci tambarin riga a gaban jama'a, ya ce, "Nan zan mutu." Kafin mako ya zagayo ya je an zana masa dabbar ƙungiyar a fata da allura, zanen da ba ya wankuwa, an rubuta a ƙasa: har kabari.

Kerkeci a damtse, gaggafa a kafaɗa, bijimi a gadon baya, kifi a haƙarƙari, haka dai har jiki ya cika. Matarsa Ornella takan ce, "Ni ba miji na aura ba, daji na aura."

Yana da shekara talatin da shida, gwiwa ta fara ƙara, ya faɗo Montefosco, masu tambarin zakara. A tsallaken kwari akwai Pietralta, masu bunsuru. Garuruwan nan biyu ba sa ga maciji tun da kakanninsu suka yi rigima kan ƙararrawar coci. To, a Pietralta Tarcisio ya fara wasa, kuma bunsurun shi ne zanensa na farko, ƙato, daidai kan zuciya. 'Yan Montefosco sun san ya taɓa zama can, amma ya ce musu tilas aka yi masa, ko ruwan garin bai sha da daɗi ba. Jiki kuwa ya rufe shi da doguwar singileti rani da damina, wanka ma sai kowa ya watse.

Suka karɓe shi hannu bibbiyu. Saverio mahauci, shugaban magoya baya, yana aika masa nama duk Lahadi. Mai ƙungiya ya ba shi gida a saman gidan burodi, ya kuma yi alkawarin in ya rataye takalmi ƙarshen kaka, shi ne mataimakin koci. Karo na farko ke nan Ornella ta kwance labulenta daga kwali.

Ta ce, "Tarcisio, ka je a ƙone bunsurun nan tun da sauran mutunci."

"An ce da zafi."

"Da ake zana shi fa, sanyi ka ji? Na gaji da koyon sunayen sabbin maƙwabta. In muka sake tashi, kai kaɗai za ka ɗauki firji."

Bai je ba. Maimakon haka, da wasan Pietralta ya matso, sai ya sa aka rubuta masa a singiletin da manyan baƙaƙe: MONTEFOSCO HAR KABARI. Nufinsa in an ci, ya ɗaga riga jama'a su gani.

Ranar Lahadi da rana tsaka Pietralta ta ba su biyar da nema a gidansu. Biyu ta tsakanin ƙafafun Tarcisio suka wuce.

Da aka tashi wasa, magoya baya suka ƙi tafiya. Suka kira 'yan wasa gindin shinge kamar yadda aka saba in abin ya yi muni. Saverio ya haye ƙarfe, ya ce, "Ku tuɓe rigunanmu! Ba ku cancanci sa su ba!"

Kowa ya tuɓe ya ajiye a ciyawa. Tarcisio ma ya tuɓe, ya buɗe ƙirji don a karanta singileti, yana jiran tafi.

Saverio ya karanta, ya ce, "Har kabari? Ai yau ka kai mu. Wannan ma cire ta."

"Haba Kawu Saverio, mura nake yi."

"A watan Mayu? Cire, Akwati, ko in sauko in feɗe ta."

Ya cire. Wata tsohuwa ta gyara tabarau, ta fara ƙirga da ƙarfi: "Kerkeci. Kifi. Wancan jaki ne ko doki?" Sai 'yan Pietralta da ke ɗaya gefen suka hango bunsurunsu, suka ɓarke da tafi suna kiran sunansa.

Saverio ya ce a hankali, "Naman da nake aiko maka, ashe bunsuru nake kiwo. Ina zakaranmu?"

"Yana nan, Kawu! Na rantse da kabarin kakata, shi ya fi duka kyau!"

"A ina?"

Nan ma da ya yi shiru da ya tsira da wani abu. Amma mai daɗin baki bai san shiru ba. Lokacin da ya zo Montefosco fili ɗaya ya rage a jikinsa. Ya juya wa jama'a baya, ya sassauta wando.

"Shekara biyu," in ji Saverio, "shekara biyu kana zama a kan zakaranmu?"

'Yan sanda ne suka fitar da shi ta ƙofar da ake shigo da injin yankan ciyawa.

Ga abin da ya rasa kafin Talata. Aikin mataimakin koci, ɗaya. Gidan saman gidan burodi, biyu. Naman Lahadi, uku. Ya buga waya Pietralta, suka ce sun ga kifi da kerkeci su ma, ba sa buƙata, huɗu ke nan. Ornella ta naɗe labulenta ta hau jirgin ƙasa zuwa gidan yayarta, biyar. Firji kuwa shi kaɗai ya sauko da shi, hawa uku, kuma a matakala ta ƙarshe gwiwar ta tafi.