Littattafan da Suka Ƙi Tsufa

A ranin 2023 aka buɗe ajin karatun manya na mata a Tudun Sanda, wani ƙauye da ke karkarar Sae Sabuwa. Ƙungiyar da ta kafa ajin ta aiko da baƙin allo, da kwalin alli, da littattafai ashirin da huɗu. Ta kuma ɗauki Safina, ƴar garin da ta yi lakol, wato makarantar boko, a Tibiri, ta zama malama. Mata ashirin da uku suka shiga. Kowace ta samu littafi ɗaya, na ashirin da huɗun ya zama na malama.

Littafin na aiki ne. Kowane shafi yana da layukan da ɗaliba za ta cike da hannunta, kuma a ƙarshensa akwai shafi huɗu na manyan baƙaƙe da aka ce a yanke da almakashi, a riƙa jera su a tabarma ana haɗa kalmomi. Ranar farko Safina ta ɗaga nata littafin, ta sa almakashi, ta yanke shafi guda don ta nuna musu. Matan da ke zaune a rumfar ajin suka zuba mata ido.

Baturiya, dattijuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli wadda ita ce babba a ajin, ta leƙo ta dubi littafin, ta dubi Safina.

"Malama, mi ya yi miki?"

Safina ta bayyana cewa don haka aka buga shi. Baturiya ta ce a gidan ubanta, in iska ta kawo takarda mai rubutu, ɗauka ake yi a soke ta a jinka, ba a tsallake ta, balle a sa mata ƙarfe. Safina ta ce wannan boko ne, babu aya ko ɗaya a ciki. Baturiya ta ce ita dai ba ta kai ga bambance rubutu da rubutu ba tukuna. In ta kai, za ta yi tunani. Sauran matan suka bi bayanta, har da ƴan shekara ashirin.

Karatu bai tsaya ba. Matan suka tattaro kwalayen sukari da na shayi daga kasuwa, suka kwaikwayi baƙaƙen a kai da gawayi, suka yanke. Aikin cike layuka suna yin sa a ƙasa da tsinke, ko a bangon ɗakin tuya na Baturiya, wanda kafin wata biyu ya cika da rubutu daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Littattafan kuwa aka ɗinka musu riguna da ƙyallayen atamfa. Sai an wanke hannu ake buɗe su, da kara ake juya shafi, in an tashi a mayar da su cikin kwalla a rufe. Safina ta ga suna ganewa, sai ta bar maganar almakashi.

Cikin wata na huɗu, ranar wata Lahadi, aka kira ta a waya daga buro, wato ofishin ƙungiyar da ke Gidan Rumji, aka ce Mushe Surajo, wato Malam Surajo a Faransance, mai duba azuzuwa, zai zo ranar Alhamis. Safina ta san labarinsa. A wani ƙauye ya tarar da littattafai sababbi ful, ya rubuta cewa ajin ba ya zama, ya kwashe su, aka rufe ajin. Abin da yake dubawa ke nan: littafi ya tsufa ko bai tsufa ba. Na Tudun Sanda kuwa, in aka cire musu riguna, ana iya mayar da su kanti a sayar.

Ta kwana biyu tana lissafin abin da za a rasa. Baturiya ta fara karanta sunayen da ke cikin wayarta ba sai ta nemi maƙwabci ba. Wasu sun kai shafi na talatin. In aka rufe yanzu, damina za ta shigo, kowa ya tafi gona, kafin rani ya dawo rabin abin ya zube.

Ranar Talata ta yi dabara. Ta ari littafin Ummukulsum, Bafulatana matar Gidaɗo, wadda ke tahowa daga rugarsu da ƙafa kullum bayan ta sayar da nono. Ta ce za ta duba wani abu. Da ta shiga ɗaki ta lanƙwasa kusurwoyin shafuka shida, ta taɓa man gyaɗa ta dangwala a bango, ta mayar da rigar, ta ba ta da yamma. Nufinta in wannan ya wuce lafiya, gobe ta tara sauran ta tsufar da su gaba ɗaya.

Laraba Ummukulsum ta riga kowa zuwa. Ashe cikin dare ta danne kusurwoyin da dutsen niƙa har sun miƙe, ta zuba toka a kan tabon ta tsotse man, sai ƴar inuwarsa. Ta durƙusa ta ce malama ta yafe mata, tana jin man shanu ne ya bi hannunta ba ta lura ba, kuma ba za ta sake ba.

Safina ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba a aikin nan. Ta jira matan suka taru, ta faɗi gaskiya: ita ta ɓata littafin, ga kuma dalili. Ta yi tsammanin faɗa. Sai Baturiya ta yi dariya har tana share ido, ta ce ashe akwai aikin da ake biyan mutum don ya zo ya ga ko an lalatar da kaya. Ta ce ya zo, za su karanta masa. Safina ta ce takardar da yake cikewa ba ta tambayar wa ya iya karatu, littafi take tambaya. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Alhamis da hantsi Mushe Surajo ya iso a kan moto, wato babur, da jaka a kafaɗa. Mutum ne mai fara'a, ya gaida kowa, ya sha ruwa, ya ci ƙuli-ƙulin da Baturiya ta ajiye masa a faranti. Sannan ya ce a kawo littattafai. Aka jera su a tabarma, ashirin da uku, kowanne da rigarsa. Ya ɗauki na farko, ya lasa yatsa, ya juya shafi. Wata daga baya ta ja numfashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, fara'ar tana raguwa. Babu layi ɗaya da aka cike, babu shafi ɗaya da aka yanke. Ya ɗora takardarsa a gwiwa ya rubuta wani abu.

Takardar da Faransanci take, amma Baturiya na zaune dab da shi.

"Ɗana, wanga ƙwan da ka zana, sifiri ne. Mu ka ba, ko littattafan?"

Ya ɗago ya dube ta. Safina ta yi amfani da wannan damar, ta ce a zazzage baƙaƙen kwali. Aka zazzage su daga buhu. Sun yi baƙi, gefensu ya cinye, wasu an sake yanka su har sau uku. Matan suka jera masa sunan garin, da sunansa, da kalmar moto. Aka kai shi ɗakin tuya ya ga bango. Ya daɗe a tsaye yana karantawa.

Da ya dawo rumfa ya ce ya gani, kuma ya yarda. Amma a buro ba za su ga bango ba. Dokar ƙungiya ita ce, littafin da babu rubutun ɗaliba a ciki, kayan ajiya ne, a kwashe a kai inda ake jira, kuma ajin da ba shi da littafi ba aji ba ne. Ya ce shi kansa ba ya so, amma da me zai nuna cewa waɗannan littattafai na wani ne?

Ummukulsum ce ta yi magana, ita da ba ta cika magana a aji ba saboda Hausarta na tafiya a hankali. Ta ce su a ruga, in an haifi maraƙi, ana yanka masa shaida a kunne. Jini na fita, amma ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Wanda ba a yi wa ba, in aka haɗu a rijiya, kowa na iya kora shi cikin garkensa.

"Mushe, in na sa sunana, ya zama nawa?"

Ya sake duba takardarsa, ya bi layin da yatsa. Ya ce abin da aka rubuta shi ne rubutun ɗaliba, ba a ce nawa ba. Suna ma rubutu ne.

Ta karɓi bik ɗinsa, biron da yake rubutu da shi. Ta buɗe bangon farko, ta ɗora littafin a cinya, ta sunkuya. Baƙaƙe goma ne sunanta, ta ɗauki minti huɗu. Safina ta ƙirga su a zuci ɗaya bayan ɗaya, ba ta gyara mata ba, ko da na bakwai ya ɗan karkace. Da ta gama ta hura wa tawadar iska, ta miƙa masa. Ya karanta da ƙarfi.

Bik ɗin ya zagaya. Wasu sun yi sauri, wasu sun gwada a ƙasa tukuna. Aka yi ta tsokanar wadda sunanta ya hau tudu ya gangaro. Kafin azahar an sami ashirin da biyu, saura Baturiya, wadda ta rungume nata a ƙirji tun da aka fara.

Safina ba ta roƙe ta ba. Ta dai tuna mata cewa ranar farko ta ce in ta kai ga bambance rubutu za ta yi tunani. Baturiya ta ce ta kai, kuma ta yi. Ta sa aka kawo ruwa da sabulu, ta wanke hannu har gwiwa, ta yi bisimilla, ta nemi farin wuri nesa da bugun inji, ta rubuta baƙaƙenta takwas manya-manya. Sannan ta ce shaidar kunne ta yarda da ita, amma almakashi kada a sake kawo maganarsa.

Mushe Surajo ya soke sifirin, ya rubuta 23. Ya roƙi baƙaƙen kwali ya tafi da su buro, aka ba shi tsofaffin, aka riƙe masu sauran ƙarfi.

Ajin ya kai ƙarshen rani, aka kuma sake buɗe shi bayan girbi. Shafuka huɗun nan suna nan ba a yanke ba. A duk littattafan matan, in aka cire inuwar man da Safina ta bari, tabo ɗaya ne kawai: sawun babban yatsa a shafi na goma sha bakwai na littafin Baturiya, inda mai dubawa ya juya bayan ya ci ƙuli-ƙuli. Ta gwada toka, bai fita ba. Yanzu in baƙo ya zo takan buɗe wurin da kara ta nuna masa, ta ce wannan aikin mai ilimi ne daga Gidan Rumji.