Hannun Marini

Ɗigon maganin ya tsaya a bakin bututu, hannun da ke riƙe da shi ya ƙi sakinsa.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki a ɗakin gwaji, har sunansa ya ɓace, kowa Marini yake ce masa. A kawo tsokar majinyaci, ya fere ta ta fi fatar albasa sirantaka, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga maganin da ke farautar alamar da ake kira CD20. In manyan ƙwayoyi suka fito jere da zobba masu ruwan ƙasa, to sankara ce ta kama ƙwayoyin garkuwar jiki. Duk yankin babu mai wannan rini sai shi.

Shi ya sa kaluluwar da aka cire masa a hammata, can wani asibiti, a ɓoye, ta zagayo ta faɗo teburinsa. Ba suna a jiki, sai lamba. Lambar kuwa tana aljihunsa.

Wanzami ba ya son jarfa. Ya yi tunanin barin gilashin ya bushe, ya ce tsokar ta lalace. To, sai a sake yanka shi, a sake aiko masa.

Waya ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, me suka ce?"

"Wai sai mai gwajin ya gama."

"Wane irin marar tausayi ne wannan? Bai san mutum ba ya barci ba?"

"Ya sani," in ji shi.

Ya saki ɗigon.

Da azahar ya kai wa Likita, shugabar sashensu, gilashin. Ta daɗe da ido a kan na'urar hangen ƙwayoyi.

"Kai Marini, Allah ya yi wa hannun nan albarka! Dubi yadda ya fito tar. Wannan zan nuna wa ɗalibai."

"Mai shi fa, Likita?"

"Sankara mai saurin nan ce. Dole a fara masa magani cikin makon nan." Ta sa hannu, ta tura masa takardar sakamakon. "Af, na ga kana neman hutu. Ka yi haƙuri, ban da wannan watan. Gilasai talatin ke jira, duk rayukan mutane ne."

Ya buɗe baki. Ɗinkin hammatarsa ya tsunkule shi. Ta cikin ƙofa ya hango faifan gilasai a jere, kowanne da lambarsa.

"To, Likita."

Ya koma ya ɗauki na gaba.