Bangon Ɗakin Mama

Sau uku na yi wa bangon nan fenti a cikin wata biyu, sau ukun kuma yana tofar da shi. In aka shafa yau, gobe ya yi kyau, jibi ya yi kyau, sai a rana ta biyar ko ta shida in shiga in tarar ya fara kumbura daga ƙasa, daidai tsayin gwiwata. In na danna da yatsa sai ya fashe, wani farin gari ya zubo, ƙarƙashinsa sanyi kamar gindin randa. Ga ɗakin da wari irin na wankin da aka manta a bokiti.

Da ɗakina ne, wallahi da na jingina masa kabad na kawar da kai. Amma ɗakin Mama ne, kuma saboda shi na sayi gidan. Lokacin Mama tana asibiti, sati na biyar ke nan, da ciwon ƙirjin da ya daɗe yana cin ta. Likita ya ce ƙarshen wata za a sallame ta, ya kuma ja mana kunne ni da Yaya muna tsaye a baranda: ɗaki busasshe, mai iska, ba danshi ko kaɗan. Yaya shi ne babban wanmu. A wani gari yake zaune, tafiyar yini guda, a hawa na uku na wani dogon bene. Mama kuwa matakala biyu ma da ƙyar take takawa. In ta hau benen nan ta hau ke nan, sai dai ta riƙa leƙen duniya ta taga. Shekara biyu muna ja-in-ja da shi kan cewa wurina za ta zauna, har ya gaji ya ce, "To Auta, ki samu gidan ƙasa, na bar miki ita."

Na samu kuwa. Tsohon gida ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ɗaki biyu da falo a jere, bango mai kauri, ƙofofin katako masu kuka in an tura su. Da rani na saye shi, komai a bushe ƙayau. Na sa aka yi masa gyara iya ƙarfina, na dawo ciki ina jin babu ya ni. Ruwan farko yana sauka bango ya fara nuna hali.

Mai fenti na fara kira, tunda aikinsa ne ya zube. Ya zo ya kankare da wuƙarsa, ya shinshina, ya ce, "Malama, fentina ba shi da laifi. Shafen ne bai yi ba. Kira magininki."

Magini ya zo da cokalinsa a aljihun baya. Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce shafensa ko a gidan gwamna sai haka, daga sama ruwa yake sauka, in nemi kafinta. Kafinta ya hau rufi ya yini yana bugu, ya sauko da kwano huɗu da ya ce sun ruɓe, aka sa sababbi. Na sake kiran mai fenti. Kwana shida, bango ya sake kumbura. Da na kira kafinta a waya sai ya ce, "Ai ni dama na yi zargin bututu ne ya fashe a ciki." To me ya hana ka faɗa tun kana bisa kwano? Kowa ya zo sai ya nuna wanda ba ya nan. Ban taɓa ganin mutane masu haɗin kai wajen tsame hannu irinsu ba.

Ni kuma ina koyarwa a makaranta. In fita da safe, in tashi in wuce asibiti da abinci, daga can in dawo in tsaya a kan masu aiki, alli a hannu ɗaya, ƙurar siminti a ɗayan. Ɗalibaina sun sha faɗan da ba nasu ba ne a watan nan, Allah ya ba su haƙuri.

Mama ba ta da hira sai ta ɗakin. Kullum na zauna a bakin gadonta sai ta tambaya.

"Auta, tagar nan ina take kallo?"

"Tsakar gida, Mama. Rana tana shigowa da safe."

"Madalla. A nan za ki sa min kujera. An gama fentin?"

"Saura kaɗan."

"Tun wancan satin kike cewa saura kaɗan. Fentin nan da allura ake shafa shi?"

Na yi dariya, ita ma ta fara, sai tari ya ƙwace dariyar. Na riƙe mata kofi har ya lafa. Ban gaya mata komai ba, kuma abin ya tsaya min a rai har na isa gida.

Saura kwana takwas a sallame ta, Yaya ya kira ya ce ranar Asabar zai zo ya ga ɗakin da idonsa. Bai faɗa da faɗa ba. Yaya ba ya ɗaga murya, abin da ke ƙara ba ni haushi da shi ke nan.

A ranar da ya kira ɗin, wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani tsohon mai gyaran famfo da ake kira Sannu-sannu. Sunan ya bi jiki. Kafin ya jingine kekensa ya cire takalmi, na gama tafasa na huce. Na ja shi ɗaki na nuna masa bango, na fara zayyano masa tarihin fenti da kwano. Ko taɓa bangon bai yi ba. Ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon daɓen simintin da na sa aka yi, sumul daga wannan kusurwa zuwa waccan, abin da na fi alfahari da shi a gidan kaf.

"'Yata, ba ni ruwa a bokiti."

Na kawo, ina cewa a raina yau kuma alwala za a yi min. Ya sheƙa shi a tsakiyar daɓe. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ya yi ɗan jim, sannan ya miƙe tiryan-tiryan zuwa gindin bangon ɗakin Mama, ya kwanta a nan, ya riƙa shigewa ta wata siririyar tsaga da ban taɓa lura da ita ba.

"In an yi ruwan sama, ta ina ruwan gidan nan yake fita?"

Mutum uku sun yi wata biyu suna shiga suna fita, babu wanda ya yi wannan tambayar, har da ni mai gidan.

Ya zaga da ni ta lungun baya, ya tsuguna ya share ciyawa da hannu. Sai ga bakin rariya a ƙasan katanga, a bushe, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki. Ya zura sanda, ba ta yi kamu ɗaya ba ta ci karo da siminti.

"Wanda ya gina gidan nan ya san aikinsa," in ji shi. "Da akwai kwata a ciki, tana bin gindin bango, ta kwaso ruwan indararo ta fito da shi nan. Wane mara tsoron Allah ne ya cike ta?"

Ni ce. Nan take na tuna ranar. Kwatar tana nan lokacin da na sayi gidan, doguwa, faɗinta kamar tafin hannu biyu, ta bi ta gaban ƙofar ɗakin Mama, gansakuka ya yi mata kore. Ina ganinta na hango sandar Mama ta faɗa ciki, na hango ta a ƙasa. Na ce wa magini a cike ta a daɓe wurin gaba ɗaya. Har ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Malama, anya kuwa?" Na ce masa gidana ne ko nasa? Ya ce nawa ne. Ya kwaɓa siminti.

"Ni na sa aka cike, Baba," na ce.

Ya dube ni, ya mayar da kallonsa kan sandarsa. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. A samo diga."

Washegari magini ya dawo da diga da guduma, ya fasa abin da ya yi da hannunsa. Yadda yake murmushi yana ɗaga digar, da ma zagina ya yi na huta. Da aka kai ƙasa sai ga laka baƙa ƙirin, ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin tubali. Duk ruwan damina da ya sauka a rufin nan, ashe a gindin bangon yake kwana. Zuwa la'asar kwata ta buɗe, Sannu-sannu ya sake sheƙa bokiti, muka ji shi yana zuba a lungu. Na ji wani sanyi a raina, na ce in an kira mai fenti gobe ai mun gama.

"A'a," ya ce. "Yanzu ma kankare shafen za a yi, daga ƙasa har ƙugu, a bar shi tsirara ya sha iska. Bango mai kaurin nan ya ƙoshi da ruwa. Sai damina ta ɗauke, a ƙara masa wata biyu."

"Wata biyu bayan damina? Baba, kwana bakwai gare ni!"

"Ke kike da kwana bakwai. Shi bai sani ba."

Na ce a hura gawayi a ciki dare da rana. Ya ce fatar za ta bushe, cikin yana nan. Na ce fanka. Ya ce in sa, ba ta ɓata komai. Na ce to Mama ta ɗauki ɗakina ni in dawo nan. Ya shiga nawa ɗakin, ya ja gadona gefe, ya nuna min bayan allon gadon. Funfuna ce baƙa ta yi shimfiɗa a wurin, ni ina kwana a kai ban sani ba. Duk bango ɗaya ne, har falon.

Ranar Alhamis da yamma na zauna ni kaɗai a ɗakin Mama. Ban bari an kankare shafen ba tukuna. Akwai ragowar fenti rabin bokiti a bayan ƙofa, kuma babu wanda ya kai ni sanin halin bangon nan: in aka shafa Juma'a, ranar Asabar zai yi fes, a buɗe taga, a kunna turare, Yaya ya shigo ya ga ɗaki kamar na amarya ya koma. Har na ɓalle murfin da cokali. Har na juya shi da sanda. Ina juyawa ina jin sanyin daɓe yana ratsa zanina, maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, na yi tari sau biyu, ni da lafiyata lau, ban yi rabin awa a zaune ba. Na mayar da murfin na taka shi da ƙafa. Sannan na yi kuka mai isata, na haushi, don babu wanda zan kama da laifi in ji daɗi.

Da Yaya ya zo, bango tsirara ya tarar, tubali a waje, tsakar gida kamar an yi yaƙi. Na gaya masa komai a tsaye, har da maganar da na yi wa magini. Na shirya jin "ai na faɗa miki". Bai ce ba. Ya dafa tubalin, ya duba tafin hannunsa, ya goge a wando.

"Zan sa a gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa," ya ce. "In nan ya bushe, sai mu yi magana."

"Da ka ɗauke ta ba za ka dawo da ita ba, Yaya."

"Auta, ni ma uwata ce."



Ni na gaya wa Mama, a asibiti. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Don kada in faɗi kika cike?" Na ce e. Ta ce, "Hm," ta juya ta gyara filo.

Ranar sallama Yaya ya zo da mota. An ɗora kayan Mama a baya, ni zan raka su har bakin gari in dawo. Muna hanya ta ce a bi ta gidan. Yaya ya ce hanya da nisa, ga hadari. Ta ce ba shawara ta nema ba. Muka tsaya a ƙofa, na buɗe mata ƙyaure duka biyu don ta hango daga inda take zaune, tunda ba za ta iya tsallake tarin ɓaraguzan ba. Ta daɗe tana kallo.

"Waccan ce tagar?"

"Ita ce, Mama."

"Ba ki yi ƙarya ba, tana da girma." Ta juya wurin Yaya. "Sauko min da akwatin ƙarfen nan."

"Mama, kayanki ne fa a ciki. Zannuwanki na fita duk suna nan."

"A benen naka ina zan fita? Sauko da shi a kai ɗakina."

Na ce, "Mama, ɗakin da danshi."

"Na ji. Akwati ba ya tari. Ya riga ni shiga, ina tafe."

Yaya ya sauko da shi. Ni da shi muka kama, hannu ɗaya-ɗaya, muka tsallaka kwata da shi. Mama ta hana ni raka su, ta ce in tsaya in kula da gidana. Na tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Ina komawa ciki aka fara yayyafi. Na ɗebo bulo huɗu daga tsakar gida, na jera su a tsakiyar ɗakin, nesa da bango, na ja akwatin na ɗora a kai.