Lafiyayyar Motar da Na Binne

Shekara ashirin da shida ina kwance giyabos ina ɗaurawa, ban taɓa yi wa mota ƙazafi ba. Masu motocin kam na sha ɓata musu rai. In na duba na ga ta mutu, zan ce maka ta mutu, ko da jiya ka saye ta. Shi ya sa a gareji ake ce min Ba-Kwana, don ba na kwana-kwana a magana. Ban yi boko mai nisa ba, amma hancina da kunnena sun yi karatu.

Da jarrabawata ta tashi zuwa, ta gidan surukai ta biyo.

Baban matata tsohon direban babbar mota ne, shekara arba'in yana kan titi. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota atomatik, ruwan toka, wadda ta girmi 'yata ta fari. Ba ya ba kowa makullinta. Bara hawan jini ya kwantar da shi, ya ɗan taɓa masa ɓarin hagu. Yana miƙewa ya koma tuƙi. 'Ya'yansa kuwa suka ɗaura ɗamarar raba shi da sitiyari, shi kuma ya ce sai dai bayan ransa.

Ana cikin haka motar ta fara ciwo.

Yayan matata ne ya fara zuwa wurina. Injiniya muke ce masa, don duk abin da ya lalace a duniya ya taɓa karanta shi a waya.

"Ba-Kwana, giyar Baba ta tafi," in ji shi. "Na duba, alamun duk sun cika."

"A ina ka duba?"

"A waya."

"To ka ce wa wayar ta gyara."

Ya matso, ya rage murya. "Ka gane mana. Kai dai ka ce masa ba ta gyaruwa. Maganarka kaɗai yake ji a kan mota. Ba mota, ba tuƙi, kowa ya huta."

Na ce, "Yaya, ni mota nake dubawa. In ta mutu zan faɗa, in da sauran numfashi zan faɗa."

A gida ma matata ta ɗora daga inda ya tsaya. Ta ce in uban wani ne na yi ta gaskiyata, amma wannan nata ne. Na ce giya ba ta san uban kowa ba. Ranar dai ni na zuba wa kaina ruwan wanka.

Washegari da hantsi Baba ya shigo gareji da kansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba," ya ce. "Ina ba ta wuta tana ihu, amma tafiyar hawainiya take. Giya ba ta shiga kan lokaci, sai ta yi nishi ta fizge ni. Ga ƙauri. Ka gyara min ita, kada ka saurari waɗancan."

Motar ta tsufa, babu inda za a soka mata kwamfuta ta faɗi ciwonta. Sai da hannu. Na ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, na bar injin yana aiki, na zaga da sandar giya gida-gida, sannan na zaro ƙarfen awon mai. Man bai ragu ba. Na ɗiga a farar takarda: ya ɗan yi duhu, ba ja garau ba. Na sunsuna. Ya sha zafi, amma bai ƙone ba. Na shiga ƙarƙashi na kwance kwanon mai. Giyar da ke cin kanta, za ka tarar da garin ƙarfe ya yi gemu a jikin maganaɗisun da ke cikin kwanon. Wannan ɗan toka-toka ne kawai, irin na kowace tsohuwar mota. Na canza filta, na zuba sabon mai, na fita gwaji.

Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sumul kamar ana shafa mai a tafin hannu. Na hau tudu, na sauko, na yi baya. Ko tari ba ta yi ba. Na miƙa wa Baba makulli ina hura hanci.

Kwana biyu ya dawo da ita tana ƙauri.

"Ashe kai ma sunan ne kawai," ya ce.

Mai walda na kusa da ni ya ƙyalƙyale da dariya. "Ba-Kwana, yau an yi kwana da kai!"

Na sake tuƙa ta. Lafiya lau. Kaina ya ɗaure: mota a hannuna amarya, a hannun mai ita gyatuma. Da Baba zai tafi na dafa tayar gaba, sai da na yarfe hannu don zafi. Giya ba ta dafa taya. Na ce masa ya je gida zan yi tunani, na karɓi babur ɗin mai walda na bi shi a baya.

Tun daga bakin gareji har kwanar gidansu jar fitilar birki ba ta mutu ba. Yana ba ta wuta, tana kunne. Yana hawa tudu, tana kunne.

Ya tsaya a ƙofar gida, na buɗe ɗaya ɓangaren na zauna. Na kalli ƙasa. Ƙafarsa ta hagu tana kwance a kan birki, daidai inda ta saba samun kulocin babbar mota shekara arba'in. Da can tana shawagi ne a sama. Tun ciwon nan ta yi nauyi, shi kuwa ba ya jin nauyinta. Ƙafar dama na cewa tafi, ta hagu na cewa tsaya, baiwar Allah giya tana tsakiya tana shan wuya.

"Me ka gano?" ya ce.

Na yi niyyar in lanƙwasa maganar, amma bakina bai iya ba. "Baba, motarka ta fi ni lafiya. Ƙafarka ce."

Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce aka ajiye masa. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ta, sai da ya sa hannu ya tallafo gwiwa. Injin yana ta ƙara.

"In yaro ya gitta fa?" ya ce a hankali. "Ƙafar da ba ta jin ta taka, za ta ji in ta sauka?"

Ya kashe motar.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"To giyar ta mutu."

"Baba, ba ta..."

"Kai, ni da motata! Na ce ta mutu. Tirela na ja shekara arba'in ban taɓa take ko kaza ba. Ba za a zauna a falo ana cewa ƙafar tsoho ta gaza ba, wancan mai wayar yana gyaɗa kai. Mota ce ta gaji, ba ni ba. Ka iya faɗa ko ba ka iya ba?"

Muka shiga ciki. Duk 'ya'yansa suna falo, har da matata. Na tsaya tsakiyar ɗaki, ni Ba-Kwana, na ce giyar ta cinye kanta, irinta kuma an daina yi.

Injiniya ya buga cinya. "Ban faɗa ba? Tun farko abin da waya ta ce ke nan!"

Baba ya yi ta faɗa, ya ce makanikan zamani ba su san komai ba, ya jefa min makulli a ƙirji. "Kwashe gawar ka kai garejinka, kada in ƙara ganinta a nan." Wallahi ya fi ni iya ƙarya nesa ba kusa ba. Matata kuwa har da ƙara min nama a kwano, wai ashe ina da hankali.

Da igiya muka ja ta zuwa gareji, don gawa ba ta tafiya da ƙafarta.

Yanzu tana nan bayan rumfata, an lulluɓe ta da tamfol. Giya mafi lafiya da na taɓa sa wa hannu, ba ni da ikon fita da ita ko bakin titi, don rabin unguwa sun ji na ce ta mutu. Ni kuwa a motar haya nake zuwa aiki. Mutum uku sun zo neman kayan jikinta, na kore su.

Duk ƙarshen mako Injiniya yana sauke Baba a gareji, wai ya zo hira. Yana juya baya sai Baba ya ɗage tamfol, ya shiga ya tayar da ita, ya kasa kunne.

"Ba-Kwana, ya jikin marigayiyar?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ka duba mata mai. Da zafinta ake awo, kada ka yi min aikin banza."