Turkuɗi a Kantin Gilashi

A shekarar da atamfar kanti ta gama cika kasuwar Bebeji, ramukan rini biyu ne kawai suka rage da rai a marinar Mainasara, cikin goma sha ɗaya da mahaifinsa ya bari. Mabuga duk sun watse, sun tafi haƙar kuza Riruwai, saura ƙanensa Shitu. Mainasara ke rini, Shitu ke bugu: ya shimfiɗa zane a kan gungume, ya barbaɗa garin shuni, ya yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli ya zama turkuɗi. Shi ma Shitun ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in kaka ta wuce babu aiki zai bi sauran. Duk ranar da ya tafi kuwa marinar ta mutu ke nan, don babu mai sayen turkuɗin da ba a buga ba.

Ana cikin haka sai ga Dikko, ɗan gwaggonsu kuma abokin wasa, wanda ke aikin kuku a gidan wani Bature a Jos. Bakinsa ba ya hutawa.

"Kai mai baƙin hannu, arzikinka ya zo," in ji shi. "Jos ce garin da Turawa ke zuwa hutu su sha sanyi. Akwai wani kanti can mai bene, Kantin Gilashi muke ce masa. Babu wanda ke komawa ƙasarsu bai shiga ya sayi tsaraba ba. Manajan ya ga mayafin nan a kafaɗata, ya ce in akwai irinsa a kawo."

Mainasara ya dubi mayafin, kunya ta kama shi. Aikinsa ne, amma na shekara shida da suka wuce, ya sha wanki har ya koɗe.

"Wannan tsumman ka nuna musu da sunana? Allah ya shirye ka, Dikko."

Ya ce a ransa, mutanen da suka yaba wannan, in suka ga na gaske ai sai su miƙe tsaye. Ya sayar da tumakinsa ya sayi farin saƙi da shuni mai kyau. Shi ya tsoma, ya sake tsomawa, Shitu kuma ya yi sati uku yana bugu har kafaɗunsa suka daina ɗaguwa. Ba su yi rowar shuni ba ko kaɗan. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake gane turkuɗin kirki: ka goga shi a bayan hannu, in ya bar maka baƙi-baƙi mai sheƙi, to ka sami kaya. Mace takan yini tana nuna shunin da ya zauna mata a wuya don a san abin da mijinta ya saya.

Da aka ɗaure kayan Shitu ya ce, "Yaya, ban taɓa bugu irin wannan ba. In wannan bai ci ba, ban san me zai ci ba."

Babbar mota ta bi da Mainasara ta Tudun Wada da Doguwa, ya rungume ƙunshinsa duk hanya don kada ruwa ya taɓa.

Kantin kuwa ya fi yadda Dikko ya faɗa. Bangon gabansa duk gilashi, ciki ga agoguna, ga turare, ga takalman mata jere, ga fanka na juyawa a garin da mutum ke rawar sanyi. Har mutum-mutumi aka tsayar aka sa masa rigar da ta fi ta hakimi. Mainasara ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya yi sallama, babu wanda ya amsa. Wani akawu mai suna Malam Mudi ne ya tare shi, ya kai shi gaban manaja, shi ke yi musu tafinta.

Da aka kwance ƙunshin, turkuɗin ya kama hasken fitilu ya yi wal. Wata Baturiya cikin masu hutu, sanye da farar riga, ta bar turaren da take shinshina ta taho. Ta ɗauki guda ta yafa a kafaɗa, ta juya gaban madubi, tana ta murna. Da ta cire, wuyanta da kafaɗun rigar da yatsunta duk sun yi shuɗi.

Daɗi ya kashe Mainasara. Ya nuna wuyanta da yatsa yana dariya, ya ce da akawu, "Malam, gaya mata ta duba! Ka ga yadda ya zauna? Sai ta kwana uku bai fita ba."

Allah sarki. Malam Mudi bai fassara wannan ba, kuma ya kyauta. Matar ta ƙwalla ƙara, manaja ya yi ta ba ta haƙuri, aka ruga neman sabulu. Mainasara na tsaye da sauran dariyarsa a baki, bai san laifin da aka yi ba.

"Baba," in ji Malam Mudi a hankali, "sun ce kayanka na zuba. A wurinsu wannan aibi ne."

"Aibi? Ai shi ake saya!"

"A Bebeji ba. Manaja ya ce launin ya yi masa. In ka wanke har ya daina zuba, ya koma kamar na kukun nan, zai karɓi kaɗan, matan nan su riƙa shimfiɗawa a tebur. Ƙyallin ne ba ya so."

Akwai famfo a bayan kantin. Mainasara ya daɗe yana kallonsa. Ba shi da tumaki a gida, ba shi da wani mai saye a garin nan. Ya tsuguna ya buɗe ruwa, ya wanke bugun sati uku da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ruwan shuɗi na bin lambatu. Da suka bushe Malam Mudi ya goga guda a hannu ya ce, "Yauwa, yanzu ya yi kyau." Shi da manaja suka zaɓi huɗu, suka ce ya sake leƙowa baɗi.

Da hantsi motar ta sauke shi a Bebeji. Shitu na zaune a bakin hanya, an ce kwana biyu ke nan yana zuwa tarya. Ya karɓi ƙunshin da murna, ya ji nauyinsa, murnar ta ragu. Ya kwance a nan tsaye. Ya shafa zanen, ya juya bayan hannunsa ya duba, babu komai.

"Ruwan sama ne ya dake ku, Yaya?"

"A'a."

"To wa ya yi wannan?"

Mainasara ya so ya ce Turawa ne, ya so ya ce akawu ne. Bakinsa ya ƙi.

"Ni na wanke, Shitu. Haka suka ce suna so."

Shitu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ninke zanen da kyau yadda aka koya musu, ya ɗaure ƙunshin, ya miƙa wa wansa da hannu biyu. Sannan ya juya wurin direban da ke zuba ruwa a inji, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za ka koma wajen Riruwai?"