Shanu Ashirin-Ashirin

Bappa Husaini ya kawo bijimi kasuwar Kontagora, ya biya ta ɗakin da Jawahir, 'yar ƙanensa, take haya kusa da kwaleji. Ya tarar da ita a tabarma, takardu sun kewaye ta, ido ya yi ja.

Wata biyu ta yi tana bin rugage daga Salka har Kaboji, tana yi wa makiyaya sittin tambayoyi kan rigakafin shanu. Jibi za ta kai aikin gaban malamarta, Madam Janet. In ba ta sa hannu ba, sai Jawahir ta maimaita shekara.

"Malama, me ya hana ki barci?"

"Bappa, Madam ta ce in yi gwajin da ake kira ti-tes. In ɗauki matsakaicin yawan shanun masu rigakafi, in gwada da na marasa yi. Na yi, lissafin ya ce babu bambanci ko kaɗan. Mutum arba'in da ɗaya sun ce shanunsu ashirin."

Bappa ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Ni ma ai ashirin na ce miki."

"Kai da ko rabin garkenka ya fi haka?"

"To wa ke faɗin adadin shanunsa a bakin bukka, ido na kallo? Ko ubanki ban taɓa gaya wa ba."

Can ta jawo takarda guda ta ce, "Wanda na tambaya ko yana tafiya kiwo nesa da rani, zai ɓoye?"

"A'a, kowa ya ga tashinsa."

"Rigakafi fa?"

"Wannan a gaban jama'a ake yi."

Sai ta zana gida huɗu a bayan takardar, ta shiga zuba mutane ciki: mai tafiya da ya yi allura, mai tafiya da bai yi ba, haka ma mazauna. Ta ce irin amsar i ko a'a gwajinta daban, kai-sikwaya sunansa, kawunan mutane yake ƙirgawa. Bappa ya maimaita sunan sau uku, ya ji kamar sunan wani tsuntsun fadama.

Ya fasa komawa ruga, ya jira ranar kai aikin. Ranar, ya tsaya bakin tagar ofishin Madam da malfarsa a hannu, yana jin Jawahir na Turanci ba gargada. Madam Janet ta daɗe tana duban gidajen nan huɗu, sannan ta juya Hausa.

"Shekara tara ina karɓar adadin shanu a wurin ɗalibai. Wa ya gaya miki makiyaya na ɓoye shi?"

Jawahir ta nuna taga.

Madam ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, shigo ka zauna mana."

Ta sa hannu tukuna, sannan ta tura masa kujera. Bappa ya gyara rigarsa, ya shiga da sallama.